Yadda ake cire gangar birkin baya na mota a duba lafiyarta

Motoci da dama da ke bin hanyoyin Najeriya, irin su tsofaffin Toyota Corolla da ƙananan motocin haya, birkinsu na baya mai ganga ne, samfurin da Louis Renault na Faransa ya fito da shi a 1902. Gangar ƙarfe ce da ke juyawa tare da taya. Idan direba ya taka birki, man birki ya tura lainin guda biyu su matse ta daga ciki, sai motar ta tsaya. Da yake komai a rufe yake, ba a ganin lalacewarsa sai an buɗe.

A ajiye motar a wuri mai daidai, a tokare tayoyin gaba, sannan a saki birkin hannu, domin ganga ba ta fita matuƙar yana riƙe da ita. A sassauta notuna, a ɗaga motar da jak, a sa mata madogara mai ƙarfi kafin a cire taya.

Idan gangar ta ƙi fita, yawanci tsatsa ce ta kama ta. A bubbuga fuskarta da guduma a hankali. Gangunan Toyota da dama suna da ramuka biyu da ake ɗaura ƙusa mai milimita 8, ta turo gangar waje. Kada a taka birki ganga na waje, kuma kada a hura ƙurar da baki, domin tana cutar da huhu.

Abubuwan dubawa su ne kaurin lainin, wanda ake canzawa idan ya kusa milimita 1.5, da yoyon mai daga silinda, da tsagewa ko zurfin karce a cikin gangar. Mafi girman faɗin da aka yarda da shi yana rubuce a jikinta. Wadda ta wuce shi ta gama aiki.

Ana canza lainin gefe biyu tare, domin kada motar ta riƙa karkata idan an taka birki. Bayan an mayar da komai, a gwada birkin a hankali a wurin da babu jama'a kafin a hau babban titi.