Robar Fitsari a Hannun Ma'aikatan Jinya: Nazari daga Maje

A ranar 18 ga Janairun 2025 wata tankar fetur ta kife ta kama da wuta a mahaɗar Dikko, kan hanyar Maje. Sama da mutum 80 suka rasu, aka kwashi waɗanda suka ƙone zuwa asibitoci, har da Babban Asibitin Suleja. Mai mummunar ƙuna ruwan jikinsa ne ke tsiyayewa, don haka ake ɗaura masa ruwa, amma ba a sanin ko ya wadatar sai an auna fitsarinsa awa-awa. Ma'aunin da aka saba bi ga babba shi ne kusan rabin mililita kan kowane kilo, wato mai kilo 60 ya fitar da mililita 30 a awa. Ba robar fitsari, ba wannan lissafi.

Robar da aka fi sakawa ita ce wadda Frederic Foley, likita Ba'amurke, ya fito da ita a shekarun 1930: siririn bututu mai 'yar balan-balan a kai, wadda ake cikawa da tsaftataccen ruwa don kada ya zame daga mafitsara.

Matsalar tana cikin daɗewa. Alƙaluman hukumar CDC ta Amurka sun nuna cewa kowace ranar da roba ta ƙara a jiki, haɗarin shigar ƙwayoyin cuta cikin fitsari na ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin ɗari. Tun 1966 binciken Kunin da McCormack ya nuna cewa barin bututu da jakar tara fitsari a haɗe, ba a ɓalle su, yana rage kamuwa sosai.

Sai dai a asibitocinmu ɗan'uwa mai jinya ne ke kwana gefen gado, kuma shi ne takardun bincike suka fi mantawa da shi. Da zuciya ɗaya zai ɗaga jakar ya ɗora kan katifa, ko ya cusa ta cikin zani don kunyar masu zuwa dubiya, fitsarin kuwa ya koma ciki. Aikin nas ne ta nuna masa cewa jakar tana zama ƙasa da mara, ba ta taɓa daɓe, bututun ba ya lanƙwashewa, kuma sai an wanke hannu kafin a juye ta. Kullum kuma ta tambayi likita ko lokacin cirewa ya yi.

Akwai inda daɗewar ce magani. A asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, Dokta Kees Waaldijk ya nuna a maƙalarsa ta 2004 cewa idan aka saka wa mai sabon yoyon fitsari roba da wuri, aka bar ta makonni tana shan ruwa da yawa, ƙaramar ɓula kan rufe ba tare da tiyata ba.