Matar da ta ɗinke tarihi a jikin bargo

Ƙanwata tela ce. An ba ta aikin bargon ado, irin wanda ake harhaɗa ƙyallaye a rataya a bango, wai ya nuna tarihin garinmu. Kwana uku tana lalube a intanet, ba abin da take samowa sai ƙofar gari da doki da tambarin Arewa. Na ce ke dai ajiye wayar nan ki ji labarin Harriet Powers.

An haife ta cikin bauta a jihar Jojiya ta Amurka a 1837. Bargunanta biyu ne kawai suka rage. Na farko labaran Baibul ne, gida 11. Ta nuna shi a bikin baje kolin auduga na garin Athens a 1886, wata malamar zane, Jennie Smith, ta taya, ta ce ba na sayarwa ba ne. Bayan 'yan shekaru babu ta ciwo ta, ta kawo shi da kanta tana neman dala 10, aka ba ta 5. Sai da ta bayyana ma'anar kowane gida, Jennie ta rubuta. Daga baya har komawa take yi ta gano shi, kamar uwar da ta aurar da 'ya. Yau yana gidan tarihi na Smithsonian a Washinton.

Na biyun, mai gida 15, da ke Boston, shi ya fi kama ni. A ciki ta ɗinka 19 ga Mayu 1780, ranar da gari ya yi duhu da rana tsaka a arewa maso gabashin Amurka. Ta ɗinka daren 13 ga Nuwamba 1833, da taurari suka yi ta zubowa har mutane suka zaci tashin duniya ne. Ku lura fa, shekara huɗu kenan kafin a haife ta. Ba ta gani ba, labari ta tarar a bakin mutane. Sai sanyin Fabrairun 1895 da ta gani da idonta, har da alfadarin da numfashinsa ya daskare. Babu shugaban ƙasa ko ɗaya, babu janar. Abin da talaka ke lissafa shekara da shi ta bi.

Masana kan kwatanta salonta da ɗinkin masarautar Dahomey a Abomey, inda zaki ke wakiltar Sarki Glele.

To jiya ƙanwata ta je wajen Hajiya Kaka da littafi. Tsohuwa ko sarki ɗaya ba ta ambata ba. Shekarar fara ta kawo, da canjin kuɗi na 1973 da aka bar fam aka koma naira, da husufin 2006 da kaji suka shige akurki da hantsi. Sannan ta ce lallai a sa wahalar kuɗin 2023, da ta wuni a layin POS ta dawo hannu rabbana. Yanzu rigimarsu ɗaya: da wace atamfa za a yanka mutanen layin.