Kowa Ya Bar Gida, Ƙuri'arsa Fa?

 

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin ƙuri'ar mutumin da ba ya gida. Da wuya a sami gida a yankin nan da ba shi da wani a waje. Wata maigidanta yana Legas ko Fatakwal ci-rani, wata ɗanta yana Saudiyya ko Libiya, wata kuma ƙaninta ne yake karatu a Masar ko Ingila. In zaɓe ya zo, shin waɗannan mutane suna da baki a kan wanda zai mulke mu?

Tafiya dai ba baƙuwarmu ba ce. Fataken Hausa sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro, shi ya sa har gobe akwai zango a Kumasi da Ankara. Alhazan da kuwa a ƙasa suke tafiya, su yi shekaru a hanya, da yawansu suka yada zango a Sudan ba su dawo ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a, suka kafa gari a bakin kogin Nilu wanda ake kira da sunansa. A wancan zamani ba a san ƙuri'a ba, saboda haka babu wanda ya tambayi matafiyi wa yake so ya yi mulki. Zuwan zaɓe ne ya kawo tambayar.

To, me dokarmu ta ce? Tsarin mulkin 1999, a sashe na 77 da na 117, ya ba duk ɗan Najeriya mai shekara 18 damar yin rajistar zaɓe, amma da sharaɗin yana zaune a cikin ƙasar a lokacin rajista. Wannan sharaɗi shi ya rufe ƙofa. Ɗanki da ke Jidda zai iya zuwa ofishin jakadancinmu ya sabunta fasfo, amma ba zai tarar da akwatin zaɓe a can ba. In yana son ya jefa ƙuri'a, sai ya biya kuɗin jirgi ya zo ya yi rajista, ya kuma sake zuwa ranar zaɓe ya bi layi a mazaɓarsa.

An yi ta ƙoƙarin canza wannan. A ƙarshen 2008 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ce mazauna ƙetare suna da haƙƙin zaɓe, amma tunda ba a gyara tsarin mulki ba, hukuncin bai yi aiki ba. Ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta kaɗa ƙuri'a kan gyaran, ta yi watsi da shi. Kuma ki lura, a ranar ce dai ta yi watsi da ƙudurin ware wa mata kujeru na musamman a majalisa, har mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar. Haka aka yi zaɓen 2023 ba da mazauna waje ba.

Masu ƙin abin suna da hujjarsu. Suna cewa ba a san adadin 'yan Najeriya da ke waje ba, wasu ma ba su da takardun zama, aikin zai ci kuɗi, sannan akwatin da ke gabanmu ma ana rigima a kansa, balle wanda ke wata ƙasa. Masu goyon baya kuma suna cewa ai mutanen nan ba su yar da gida ba. A 2022 kuɗin da suka aiko gida ya kai wajen dala biliyan 20, a ƙididdigar Bankin Duniya. Ke kin fi kowa sanin wannan, don a cikin irin kuɗin nan ake sayen buhun gero, a biya asibiti, a yi wa yarinya kayan ɗaki. Mutumin da yake ciyar da gida daga nesa, tsadar taki da rashin magani a asibiti sun shafe shi kamar yadda suka shafe ki.

Bari mu leƙa Birtaniya, wadda ta kawo mana wannan tsari na zaɓe. Su ma ba rana ɗaya suka warware matsalar ba. Sai a 1985 suka yi dokar da ta ba farar hula mazauna waje damar zaɓe, kuma na shekara 5 kawai bayan barin ƙasa. A 1989 aka mai da wa'adin shekara 20, a 2000 aka sake rage shi zuwa 15. Wato in ka wuce shekara 15 a waje, shi ke nan, an share sunanka. Wannan ne ya hana mutane da yawa jefa ƙuri'a a 2016, lokacin da aka tambayi 'yan ƙasar ko su fita daga Tarayyar Turai, alhali su mazauna Turai ɗin su ne abin ya fi shafa.

Akwai wani tsohon soja, Harry Shindler, wanda ya yi yaƙin duniya na biyu a Italiya, daga baya ya koma can da zama. Ya shafe shekaru yana neman a dawo masa da ƙuri'arsa, har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ya je, bai yi nasara ba a 2013, amma bai haƙura ba. A 2022 majalisarsu ta soke wa'adin gaba ɗaya. Dokar ta fara aiki a Janairun 2024, shi kuwa ya mutu a 2023 yana da shekara 101. Bai jefa ƙuri'ar da ya yi wa wahala ba, wasu ne suka mora. Yanzu Baturen Ingila da ke zaune ko a Dutse zai iya yin rajista ta intanet a mazaɓar da ya zauna a ƙarshe kafin ya bar gida, ya riƙa sabuntawa duk shekara 3, ya aika ƙuri'arsa ta gidan waya ko ya wakilta wani amintacce. Ga kuma abin mamaki: ɗan Najeriya mai izinin zama a Landan yana iya zaɓen ɗan majalisar Birtaniya, saboda muna cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, amma ba zai iya zaɓen shugaban ƙasarsa daga can ba.

Kada ki ce ai wannan sai Turawa. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu. A zaɓen 2016, cikin kujeru 171 na majalisar dokokinsu, 5 na mazauna ƙetare ne, kuma su suka zaɓi wakilansu daga ƙasashen da suke zaune. A 2020 annobar korona ta hana a yi musu rajista a kan lokaci, sai a 2023 aka cike kujerun, juyin mulkin watan Yuli na shekarar kuma ya rushe majalisar baki ɗaya. Senegal ma tun 2017 ta ware wa nata kujeru 15.

Yanzu sai mu dawo cikin gida, don wannan labari namu ne mu matan Arewa fiye da kowa. Mu ma an taɓa barinmu a waje muna cikin ƙasarmu. A zaɓen 1959, wanda ya kai mu ga 'yancin kai, matan Kudu sun yi zaɓe, matan Arewa ba su yi ba. An ce lokaci bai yi ba, an ce matar kulle ba za ta iya fita layi ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, ta sha duka da ɗauri a kan wannan magana. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe mana ƙofa, a 1979 kuma iyayenmu suka fito da mayafansu suka zaɓi gwamna da shugaban ƙasa. Lokacin Kiyawa tana cikin Jihar Kano, don Jigawa sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro ta. Aka yi layin mata daban, na maza daban, kulle bai lalace ba, aure bai mutu ba. Abin da aka ce ba zai yiwu ba, da aka so sai ga shi an yi.

To 'yar uwa, ga inda abin ya shafe ki kai tsaye. Mace ma matafiyiya ce, aure ke ɗaukarta daga gari zuwa gari. Yarinya ta yi rajista a gidan ubanta a Balago, an kai ta Kano ko Haɗeja, katinta yana nan a mazaɓar gida. Ranar zaɓe kuwa an hana zirga-zirga, sai ta zauna a ɗaki, ƙuri'arta ta tafi a banza. Haka wadda aka auro mana daga wani gari. Maganin wannan yana nan cikin doka. Idan hukumar zaɓe ta buɗe rajista, ki nemi izinin maigida cikin ladabi, ki je ofishinta na ƙaramar hukuma da katinki, ki ce a sauya miki wurin zaɓe zuwa inda kike aure. Kada ki sake sabuwar rajista, yin rajista sau biyu laifi ne. Kada kuma ki bari sai zaɓe ya ƙarato, don ana rufewa watanni kafin ranar. Shi ma maigida mai ci-rani ki tuna masa, ko ya mai da katinsa inda yake sana'a, ko ya shirya dawowa da wuri. Katin kuma ki adana shi inda kike adana sarƙarki, kada ki ba kowa don taliya ko sabulu.

Na ƙetare kuwa, maganarsu tana hannun 'yan majalisa. In ɗan takarar mazaɓar Dutse da Kiyawa ya aiko mata neman ƙuri'arki, ki tambaye su matsayinsa a kan 'ya'yanmu da ke waje. Ke da ƙuri'a ke hannunki, ke za ki yi magana a madadin wanda ba shi da ita.

Allah Ya tsare mana matafiyanmu, Ya dawo da su lafiya, Ya ba mu shugabanni masu tausayi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.