Ƙananan Jiragen Sama a Ƙasar Hausa: Tarihin Wata Sha'awa da Ba Ta Yi Saiwa Ba

Gabatarwa

Idan aka ambaci jirgin sama a Birnin Kebbi ko Argungu, abubuwa biyu ne kan faɗo wa mutane a rai: babban jirgin alhazai da ke tashi daga Ambursa, da ƙaramin jirgin nan da ke zuwa feshin jan-baki a fadamar Rima. Akwai kuma wani nau'i na uku da ya yi ƙarfi a wasu ƙasashe, wato mutum ya mallaki ƙaramin jirgi mai kujera biyu ko huɗu, ya riƙa tuƙa shi da kansa don sha'awa kawai, kamar yadda mai hali a wurinmu kan ɗaure doki a barga. Manufata a wannan maƙala ita ce in bi sawun wannan sha'awa, in nuna inda ta taɓa ƙasar Hausa, da dalilan da suka hana ta yin saiwa, sannan in faɗi abin da nake ganin ya rage ga malaman makaranta da dattawanmu.

Asalin Sha'awar

'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, sun tashi da jirginsu a Amurka a shekarar 1903, amma sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya mallakar jirgi na ƙashin kai ta fara yaɗuwa. A shekarar 1925 kamfanin de Havilland na Ingila ya fito da wani ƙaramin jirgi mai suna Moth, mai kujera biyu, wanda ake naɗe fukafukansa a jawo shi da mota. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin Ingila ta fara tallafa wa kulob-kulob na masu koyon tuƙi da kuɗi, domin ta san duk wanda ya koya don nishaɗi zai yi mata amfani ranar yaƙi.

Wasu daga cikin masu wannan sha'awa sun ratso yankinmu. Lady Bailey ta bar Ingila a watan Maris na 1928 ita kaɗai cikin Moth, ta kai birnin Kef a Afirka ta Kudu, ta komo ta Kwango da gefen kudancin Sahara, ta isa gida a Janairun 1929. Shi kuwa Bill Lancaster, jirginsa ya faɗi a tsakiyar Sahara a watan Afrilun 1933 yana kan hanyar Gao. Ya yi kwana takwas yana jiran ceto kafin ƙishirwa ta kashe shi, ba a kuma gano gawarsa ba sai a 1962.

A Amurka ne abin ya fi bunƙasa. Jirgin Cessna 172, mai kujera huɗu, ya shiga kasuwa a 1956, kuma an ƙera fiye da 44,000, adadin da babu wani jirgi da ya kai shi. Akwai ma waɗanda ke sayen sassan jirgi su harhaɗa a garejin gida. Ƙungiyarsu, wadda aka kafa a 1953, tana taro kowace shekara a garin Oshkosh, inda jirage kimanin 10,000 kan sauka cikin mako guda.

Yadda Jirgi Ya Shigo Ƙasar Hausa

A shekarar da aka ƙera Moth, a ita ce jirgi ya fara sauka a ƙasar Hausa, amma da kakin soja ya zo. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a filin sukuwar dawaki na Kano, bayan sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira ta hanyar Sudan da Chadi. Wannan ya faru a zamanin Sarkin Kano Usman. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Khartum da Kano. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Kano da Maiduguri suka zama zango ga dubban jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, a tuƙa su zuwa Masar. Bayan yaƙi aka kafa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma a 1946, sannan Nigeria Airways a 1958, wanda aka rushe a 2003.

Abin lura a nan shi ne, tun ranar farko jirgi ya zo mana ne a matsayin kayan hukuma: na soja, na gidan waya, na gwamna, daga baya na alhazai. Sarakuna da attajiranmu kuwa suna da tasu sha'awar da ta riga ta zauna, wato doki. Daga cikin wasannin Turawa, wanda ya shige su shi ne ƙwallon dawaki, wanda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ɗaukaka, ɗansa Usman Nagogo ya shahara a kansa. Doki yana da mazauni a hawan salla da fadanci, ana kyautarsa, makaɗa na yi masa kirari. Jirgi bai sami irin wannan mazauni ba.

Gudummawar Zariya da Kaduna

A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. A nan ne ƙaramin jirgi ya zama abin gani kullum a sararin ƙasar Hausa, domin duk matuƙin babban jirgi da ƙarami yake farawa. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Nijeriya, a can ta yi karatu, daga baya kuma ta shugabanci makarantar. Sai dai akasarin ɗaliban Zariya sana'a suka je nema, wasu gwamnatocin jihohi ne suka biya musu, kuma da sun kammala sai su nufi kamfanonin jirage.

Labarin Kaduna ya fi ba ni mamaki. A 1989 kamfanin AIEP da ke Kaduna ya fito da wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu da aka sa wa suna Air Beetle, aka harhaɗa guda 60 domin horar da sojan saman Nijeriya. Asalin wannan jirgi shi ne RV-6A, wanda wani Ba'amurke, Richard VanGrunsven, ya tsara domin masu harhaɗa jirgi a gida. Ke nan abin da ma'aikaci a Amurka ke haɗawa a garejinsa ranar hutu, da ya iso wurinmu sai ya zama jirgin soja. An daɗe ana amfani da shi kafin a fara kawo Super Mushshak daga Fakistan a 2016.

Masu Sha'awa Daga Cikinmu

Kada a ɗauka sha'awar ce babu. A 2007 wani ɗalibin kimiyyar lissafi da ƙarfe na Jami'ar Bayero ta Kano ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota ƙirar Honda Civic da tarkacen ƙarafa. Jirgin ya ɗaga sama kimanin ƙafa bakwai, kuma labarin ya zagaya duniya. Ni kaina na sha ganin yara a lungunan Gesse suna yanka kara da gwangwanin madara suna yin jirgi mai farfela, har iska na juya ta.

A ɓangaren manya, misalin da aka fi sani a Arewa shi ne marigayi Danbaba Suntai, gwamnan Jihar Taraba daga 2007, wanda mai haɗa magunguna ne amma ya je Zariya ya koyi tuƙi don sha'awa. Ranar 25 ga Oktoba 2012 jirgin Cessna 208 da yake tuƙawa ya faɗi kusa da Yola. Ya tsira da munanan raunuka, ya yi jinya a Jamus da Amurka, ya rasu a watan Yunin 2017. Wannan haɗari ya ƙara sa mutane kallon tuƙin ƙaramin jirgi a matsayin ganganci.

Dalilan da Suka Hana Ta Yaɗuwa

Dalili na farko shi ne kuɗi, kuma sayen jirgin ne mafi sauƙi a cikinsa. Kafin a ba mutum lasisin tuƙin jirgin kansa, ƙa'idar duniya ta ce sai ya yi aƙalla awa 40 a sama, ya ci jarrabawa, likita kuma ya tabbatar da lafiyarsa. Cessna 172 na shan mai fiye da lita 30 a awa guda. Dole bakanike mai lasisi ya duba shi kowace shekara, a kuma sauke injinsa a yi masa garambawul bayan kimanin awa 2,000, alhali kayan gyaran duk daga waje ake sayo su da dala.

Na biyu shi ne man. Yawancin ƙananan jirage wani fetur na musamman suke sha, wanda ya bambanta da kananzir ɗin manyan jirage, kuma shigo da shi ake yi. Wahalar samunsa na cikin abin da ya sa makarantar Zariya ta karkata ga jiragen Diamond masu shan man manyan jirage.

Na uku shi ne yanayi. Mai tuƙin sha'awa da ido yake tafiya, yana kallon gulbi da hanya da gari, kuma doka na son ya iya hangen kimanin kilomita 5. Duk wanda ya san hazon hunturu a ƙasar Kabi ya san akwai ranakun da ba a hangen ko kilomita ɗaya. Da damina kuma hadari kan taso da guguwa ba sallama.

Na huɗu shi ne tsaro. A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin Jihar Zamfara, maƙwabciyarmu, saboda matsalar 'yan bindiga. A irin wannan hali, ƙaramin jirgin da ba a san mai shi ba abin tuhuma ne.

Abin da Jihar Kebbi Ta Gani

An ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, kuma Filin Jirgin Sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa ya kai matsayinsa na yanzu ne a zamanin Gwamna Sa'idu Usman Dakingari. Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, tafiyar kimanin kilomita 50, ƙaramin jirgi zai yi ta cikin rubu'in awa. Amma ƙaramin jirgin da manomin shinkafa ya sani shi ne na feshi. Jan-baki kan sauko dubbai a kan gona lokacin da shinkafa ke nuna, kuma ihun yara da kaɗa gwangwani ba sa korar su duka. Mai feshi yakan jira magariba, lokacin da tsuntsayen suka taru a makwancinsu cikin ciyayin fadama, sannan ya bi ƙasa-ƙasa ya yi aikinsa. Wannan tuƙi ne mai wuya da haɗari, kuma abincin dubban gidaje ya rataya a kansa. Gwanintar da ake buƙata a nan, a cikin ƙaramin jirgi mai kujera biyu ake fara koyonta.

Kammalawa

Ba ina kira ga kowa ya sayi jirgi ba a jihar da makarantu da asibitoci ke da buƙata. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, ƙasashen da suka bar wa talakawansu ƙofar wannan sha'awa a buɗe, daga cikinta suka sami matuƙa da kanikawa da masu ƙera jirage, mu kuwa har feshin gonarmu sai mun jira na haya. Shawarata ga malamai ita ce su ɗauki yaron da ke jirgin kara da muhimmanci: a nuna masa dalilin da ya sa fiffike ke ɗaga jirgi, a nemi izini a kai ɗalibai ziyara Ambursa, a kuma sanar da su cewa Zariya na nan, kuma lissafi da kimiyya ne mabuɗinta. Ga dattawa kuwa, roƙona shi ne duk wanda ya shaida zuwan jirage na farko a ƙasar Gwandu, Argungu, Yawuri ko Zuru, ko ya ji daga bakin iyaye, ya ba da labarin a rubuta tare da waƙoƙi da kirarin da aka yi a lokacin, domin a ajiye su a wurare irin Gidan Tarihi na Kanta tun masu labarin na raye.