ZARE: Sandar neman ruwa, maganaɗisun ƙasa, da laifin da aka ɗora wa rana

1/ A hutun da ya wuce, unguwarmu ta yi karo-karo don haƙa burtsatse. Aka kawo wani mutum da wayoyi biyu lanƙwasassu, ya yi ta zagaye fili har suka gicciye, ya ce nan ne. Aka haƙa, ƙura kawai ta fito. Sai wani ɗan'uwana ya ce ai ya gani a intanet, guguwar rana ce ke rikita sandar. Maganar ta tsaya min a rai, na koma makaranta na bi diddiginta. Ku biyo ni, da ɗan tsawo fa.

2/ Sandar ta daɗe. A 1556 aka buga littafin Georgius Agricola kan haƙar ma'adinai, De Re Metallica, har da zanen mahaƙan Jamus riƙe da reshe mai baki biyu. Azurfa da sauran ƙarafa suke nema, ruwa daga baya ya shigo harkar. Shi Agricola bai yarda ba. Shawararsa ita ce mahaƙi mai hankali ya duba alamun da ke jikin ƙasa da duwatsu.

3/ Abin da na lura da shi: sandar ba ta canzawa, bayaninta ne ke canzawa. Duk ilimin da ake yayi a zamani, shi ake ɗauko mata aro. A 1600 William Gilbert, likitan Sarauniyar Ingila, ya nuna cewa duniya kanta ƙaton maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas ke kallon arewa. Daga nan kwatancen ya zo da sauƙi: in allura na juyawa, me zai hana reshe?

4/ Ga inda abin ya daina zama wasa. A 1692 aka kashe wani mai sayar da giya da matarsa a birnin Liyon na Faransa. Aka kira wani baƙauye, Jacques Aymar, ya bi sandarsa har wani kurkuku a Bokar, ya nuna wani matashi mai ƙusumbi. Yaron ya amsa laifi, aka kashe shi.

5/ Masana lokacin suka ce wai masu kisa na barin wasu ƙananan ƙwayoyi a iska, su ne ke jan sandar. Da aka kai Aymar Faris, Yarima Condé ya sa aka gwada shi da abubuwan da aka ɓoye ba tare da ya sani ba, ya yi ta faɗuwa. Amma wanda aka kashe ai an riga an kashe shi.

6/ A ƙarni na 19 aka gano mai motsa sandar. Masanin sinadarai Michel Chevreul ya riƙe zare mai nauyi a ƙarshensa, ya ga yana lilo da kansa. Da aka rufe masa ido, lilon ya tsaya. Ya wallafa wannan a 1833. A 1852 William Carpenter ya bayyana yadda abin yake: tsokar hannu na yin ɗan motsi bisa abin da zuciya ke tsammani, mai hannun bai ma sani ba.

7/ Wannan ya sa ban ɗauki mutumin da ya zo unguwarmu a matsayin ɗan damfara ba. Mai yiwuwa har ga Allah yana jin wayar na juyawa da kanta. Ku gwada riƙe wayoyi biyu haka, ku ɗan karkata hannu kaɗan, za ku gani.

8/ To ina rana ta shigo? Nan akwai gaskiya tsagwaronta. A 1843 Heinrich Schwabe ya sanar cewa baƙaƙen tabon fuskar rana na ƙaruwa suna raguwa a zagaye, wanda yanzu aka san kusan shekara 11 ne. A 1852 Edward Sabine ya ga rikicewar maganaɗisun ƙasa na bin wannan zagayen.

9/ Ranar 1 ga Satumba 1859 Richard Carrington ya ga wani haske ya walƙa a kan rana. Washegari wayoyin tangarahu suka haukace a Turai da Amurka, wuta ta ja ma'aikata. Tsakanin Boston da Fotland an cire batir aka ci gaba da aika saƙo wajen awa 2. A 13 ga Maris 1989 irin wannan guguwa ta ɗauke wutar Kubek a Kanada na awa 9. Rana na taɓa mu, babu musu.

10/ Wanda ya ɗaura auren sanda da maganaɗisu da gaske shi ne Yves Rocard, babban masanin fiziya na Faransa, uban Michel Rocard da ya yi firaminista. A littafinsa na 1962 ya ce ruwan da ke tsiyaya a ƙarƙashin ƙasa na haifar da ɗan lantarki, shi kuma ya haifar da ɗan canjin maganaɗisu, jikin mutum ya ji, hannu ya motsa. Kafin shi Solco Tromp, ɗan Holan da ya koyar a Alƙahira, ya faɗi kusan haka a 1949.

11/ Ni dai ina girmama Rocard a abu guda: ya faɗi magana da za a iya gwadawa. Aka kuwa gwada. A 1971 mujallar Nature ta buga gwajin da R. A. Foulkes ya yi wa sojan Birtaniya, da nakiyoyin da aka binne, da ruwa a bututu, har da batun maganaɗisun. Sakamako bai wuce canki-canka ba.

12/ Gwaji mafi girma an yi shi kusa da Munik a 1987 zuwa 1988, da kuɗin gwamnatin Jamus. Daga mutum kusan 500 aka tace 43. Bututun ruwa na ƙasan bene ana matsar da shi, mai sanda na sama yana nuna inda yake. Gwaji 843. Masu binciken suka ce wasu ƙalilan sun nuna baiwa. Jim Enright ya sake duba alƙaluman, ya nuna cewa gwanayen ma ba su iya maimaita nasararsu ba.

13/ Yanzu lissafi kaɗan. Ƙarfin maganaɗisun ƙasa na tsakanin nanotesla 25,000 da 65,000, ya danganta da inda kake. Babbar guguwar rana na girgiza shi da ɗaruruwa. Ruwa kuwa kusan ba ruwansa da maganaɗisu. Ko na'urar awo ba ruwan take gani ba, tsagewar dutse take nunawa, inda ruwa kan taru.

14/ Masu wannan awon suna la'akari da rana sosai. Suna ajiye na'ura ɗaya a wuri guda tana rubuta canjin yini don a cire shi daga lissafi, in guguwa ta taso kuma a tattara kaya. Ina zargin nan masu sanda suka samo uzurin. Bambancin shi ne, an tabbatar na'urar na aiki a ranar da babu guguwa.

15/ Ga wanda ya fi ba ni mamaki. Akwai wani kogin lantarki a sama, wajen kilomita 100 daga ƙasa, da ke bin layin tsakiyar maganaɗisun duniya. Sydney Chapman ya raɗa masa suna a 1951. Layin nan ya ratsa ta arewacin Najeriya, kuma ƙarfinsa na tashi kullum da tsakar rana. Wato mu nan maganaɗisunmu na hawa da sauka kowace rana fiye da na Turai. In da zancen ɗan'uwana gaskiya ne, da kowace azahar sandar nan ta rikice, guguwa ko babu.

16/ Don adalci: a 2019 masu bincike a Caltech sun ga ƙwaƙwalwar wasu mutane na amsa juyawar maganaɗisu, alhali su ba su ji komai ba. A ɗaki mai kariya aka yi, kuma babu ruwa ko sanda a ciki.

17/ Me ya sa suke dacewa wani lokaci? A wurare da yawa duk inda ka haƙa da zurfi za ka tarar da ruwa. Tsohon mai sanda kuma ya san kwari, ya san itatuwa, ya san rijiyoyin maƙwabta. Amma a ƙasar dutse irin ta Kano da Kaduna, ruwan na cikin tsagogi, 'yan taku kaɗan ke raba rijiya mai ruwa da busasshiya.

18/ Kwamitin unguwa ya sake buɗe karo-karo. Na roƙi Baba mai unguwa a ware kuɗin awon lantarki na ƙasa kafin a kira motar haƙa. Shi ma awon ba ya ba da tabbas ɗari bisa ɗari, na faɗa masa haka. Ya ce in kawo farashin a rubuce ranar Juma'a.