Kafin TikTok akwai tashe: barkwancin layi a Kakuri

Zare ne, ku ɗan yi haƙuri da tsawonsa 🧵

Mu 'yan yanzu gani muke kamar waya ce ta kawo gajeren wasan barkwanci. Ina! Tun ba a san intanet ba akwai 'yan wasan da ba kyamara, ba darakta, ba albashi, amma duk shekara sai sun cika layi da dariya. Tashe kenan.

Ana fara shi idan azumi ya kai goma, an gama goman marmari an shiga goman wuya. Bayan shan ruwa yara su haɗa ƙungiya su bi gida-gida. Sunan daga tashin mutane sahur ya samo asali. A Kano har sarauta gare shi: Nalako, sarkin gwagware, mai tsokanar duk wanda azumi ya riske shi ba mata.

Ku duba tsarinsa ku ce min ba shi ne abin da ake ɗorawa yau ba. Minti uku zuwa biyar, jigo ɗaya, jarumi a tsakiya, 'yan amshi kewaye. Gemun auduga, tumbin tsumma, gawayi a fuska. Ga Jatau mai magani da yake da maganin kowace cuta, ga malamin da ke rantsuwa bai yi rawa ba alhali ƙafarsa na motsi. Yaro ɗan shekara goma ya kwaikwayi malami a gaban dattijo, dattijon ya yi dariya har ya ba da sadaka. Gwada haka ranar da ba azumi ba ka ga bulala 😂

To me ya haɗa wannan da ƙetaren kogin Kaduna?

A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, daga baya Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo. Aiki ya jawo mutane daga ko'ina: Hausawa, Nufawa, Tibi, Idoma, Bajju, Atyap, Yarbawa, Ibo. Gidan haya ɗaya, famfo ɗaya. Harshen da ya haɗa su Hausar barikanci ce, mai gauraye da Turancin buroka.

Wannan Hausar ce marigayi Usman Baba Pategi ya kai rediyo da talabijin a Samanja Mazan Fama. Banufe ne, tsohon soja, ya rasu a Kaduna a Nuwamban 2023. Mutane na son shi ne saboda suna jin muryar maƙwabcinsu a bakinsa. A ganina masu raina barikanci ba su san Kaduna ba.

Sai abubuwa biyu suka faɗo kusan lokaci guda. Rikicin Fabrairun 2000, sannan na Nuwamban 2002, suka sa jama'a ƙaura: Musulmi da yawa suka haye arewacin kogi, Kiristoci suka gangaro kudu. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007.

Shi kuwa tashe abu biyu yake buƙata: dare, da yardar cewa yaron da ba ka sani ba zai iya yin sallama a ƙofarka ka buɗe. Duka biyun suka yi tsada.

Ni wutsiyar abin na tarar. Muna firamare, mu shida, gangarmu galan ɗin manja. Kafin mu fita sai an ja mana layi: daga nan zuwa nan, kar a tsallaka titi, kar a wuce tara. Amma akwai wata Maman coci mai tuyar ƙosai a bakin layinmu da kullum sai ta sa mun maimaita wasan malami sau biyu, tana dariya har da hawaye, sannan ta ƙulle mana ƙosai a leda. Ita ba ta azumi, amma ta fi mu sanin ranar da ake fara tashe.

Yanzu ko a Kano, a 'yan shekarun nan, 'yan sanda sun sha hana tashe saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da shi. Dalilin gaskiya ne, ban musa ba. Amma yaran da ke da gemun auduga su aka mayar gida.

'Yan Kakuri, Makera, Nasarawa, Barnawa: bara an yi tashe a layinku? Wane wasa kuka fi iyawa, kuma wa ya riƙe kuɗin? Don mu namu ma'ajin har yau bai ba da lissafi ba.