Ciwon Zuciyar Soja

A zamanin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, aka yi ta kai wa wani likita, Jacob Da Costa, sojoji a asibitin Filadelfiya. Babu rauni a ƙirjinsu, amma zuciya na dukan uku-uku, numfashi na sarƙewa, jiri na ɗibarsu. Ya duba wajen mutum 300, ya rubuta labarinsu a 1871, yana ganin wahalar yaƙi ce ta gajiyar da zuciya.

A yaƙin duniya na farko cutar ta sake ɓulla cikin sojojin Ingila, ana ce mata zuciyar soja. Sai a 1941 likita Paul Wood ya nuna zuciyar lafiya lau take, tsoro da damuwa ne ke motsa ta. A 1980 likitocin Amurka suka lasafta firgita ta farat ɗaya cikin cututtuka masu zaman kansu.

Yanzu an san tsananinta ya kan kai iyaka cikin kamar minti goma, sa'an nan ya lafa. Wanda ta kama ya zauna, ya riƙa jan numfashi sannu-sannu, daga baya ya je likita ya duba shi. Ba ta kisa, kuma tana da magani.